SHARHIN JARIDA: Wa ke kula da lafiyar masu kula da lafiyar dabbobi?

Duk shekara idan lokacin yi wa dabbobi allurar rigakafi ya zo, jihohi da dama kan shirya bikin ƙaddamarwa. A kafa rumfuna, a jawo lafiyayyen bijimi gaban manyan baƙi, gwamna ko kwamishina ya riƙe sirinji a ɗauki hoto, sannan a karanto adadin alluran da aka sayo da yawan shanu, tumaki da awakin da ake sa ran yi wa. Daga nan taro ya watse, aiki ya koma hannun masu yin sa na haƙiƙa: likitocin dabbobi, malaman dabbobi, da leburorin da ke kama dabba su riƙe. A ƙarshen gangamin akan sanar da yawan dabbobin da allura ta samu. Da wuya a ji an faɗi ma'aikata nawa saniya ta shura, nawa ƙaho ya soka, nawa allura ta kuɓuce ta shige musu yatsa, nawa kuma suka koma gida da zazzaɓin da aka kasa gane kansa.

Wannan giɓi ne babba, kuma lokacin cike shi ya yi. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, daga baya ya damƙa ta a hannun Alhaji Idi Mukhtar Maiha. Kafin nan, a watan Maris na 2022, Bankin Duniya ya amince da bai wa Najeriya rancen dala miliyan 500 domin shirin L-PRES na inganta kiwo. Ana ta maganar ƙara yawan madara da nama da kawar da cututtukan da ke karya makiyayi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan buri da zai cika sai wani ya tsaya kusa da dabba mai rai, ya taɓa ta, ya tsira mata allura, ko ya sa hannu cikin jininta bayan an yanka. Matsayin wannan jarida shi ne kariyar wannan mutum ta zama sharaɗi a duk wani shirin kiwo da gwamnati ta sa wa hannu, a ware mata kuɗi tun wurin tsara kasafi, a kuma tuhumi wanda ya yi sakaci da ita. Mafi yawan raunukan da ma'aikatan dabbobi ke ji an san musabbabinsu, an san hanyar kauce musu, kuma kuɗin yin hakan bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da ake kashewa a sauran sassan aikin.

Haɗari na farko shi ne dabbar kanta. Likitan mutane yakan ce wa majinyaci ya kwanta, ya kwanta. Ya ce ya miƙo hannu, ya miƙo. Majinyacin likitan dabbobi bai san taimakonsa aka zo yi ba. Ƙosasshen bijimin Bunaji ko Bokoloji kan kai kilo 400 ko fiye, Rahaji kuwa ga dogon ƙaho ga saurin firgita. Yawancin shanun ƙasar nan a daji suka tashi, muryar mai su da sandarsa suka sani, baƙo abin tsoro ne a wurinsu. Saniya takan yi shuri gaba da gefe, doki da jaki su yi harbi ta baya, raƙumi ya ƙara da cizon da ke murƙushe ƙashi, rago ya yi tunkuyi a gwiwa. Saniyar da ta haihu ba da jimawa ba takan afka wa duk wanda ya nufi ɗan maraƙinta. Sakamakon shi ne karaya, targaɗe, tsagewar haƙarƙari, zubar jini a ciki, da ciwon baya wanda ke bin mutum har tsufa.

Ko a ƙasashen da kayan aiki suka wadata, sana'ar ba ta rabu da rauni ba. A 2014 ƙungiyar likitocin dawaki ta Birtaniya ta fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna likitan dawaki zai iya jin rauni sau bakwai zuwa takwas, irin wanda ke hana shi aiki, a tsawon shekara 30 na aikinsa. Idan haka abin yake inda ake da ginannun ɗakunan duba dabba da inshora da motar asibiti, sai a auna halin malamin dabbobin da ke aiki ranar kasuwa a Potiskum, Maigatari, Illela ko Mubi, a tsakiyar dubban shanu, babu abin da ya raba shi da ƙaho sai igiya da ƙarfin samari biyu ko uku.

Abin lura shi ne dabba ba ta kai hari haka siddan. Saniya tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, amma ba ta ganin wanda ya tsaya daidai bayanta, don haka wanda ya ɓullo mata ta nan ba tare da magana ba ya gayyaci shuri. Kowace dabba tana da tazarar da idan baƙo ya ƙetare za ta nemi gudu, idan ta rasa hanya ta juyo. Wanda ya tsaya ta bayan kafaɗarta yakan sa ta yi gaba, wanda ya tsaya ta gaban kafaɗar ya sa ta ja da baya. Ihu da duka da ware dabba ɗaya daga garke duk suna ƙara mata firgici. Farfesa Temple Grandin ta Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka ta yi suna a duniya wajen bayyana waɗannan ɗabi'u da tsara shingaye bisa su, amma duk Bafulatanin da ya tashi a ruga ya san mafi yawansu tun yana yaro. Wanda bai sani ba shi ne matashin da aka ɗauka aikin wucin gadi ana gobe gangami, aka ba shi igiya aka ce ya kama. Horon kwana ɗaya ko biyu, wanda za a haɗa likita da gogaggen makiyayi su bayar, zai raba mutane da yawa da gadon asibiti.

Sai kuma makamar shanu, wato shinge mai ƙarfi na ƙarfe ko katako mai siririyar hanyar da saniya ɗaya kaɗai za ta bi, a toshe ta gaba da baya, ma'aikaci ya yi aikinsa daga waje. Babu wani kayan aiki da ya kai ta rage rauni ga mutum da dabba baki ɗaya. Mai walda na kowane gari zai iya ƙera ta, akwai ma wadda ake kwancewa a ɗora a mota a kai ruga. Duk da haka kasuwannin dabbobi da dama da asibitocin dabbobi na ƙananan hukumomi ba su da ita, inda ake da ita ma sau da yawa tsatsa ta cinye. Inda babu makama, dole a kayar da saniya da igiya, a yi mata dabaibayi, a danne wuya, kuma a wannan kokawa ce ake jin mafi munin raunuka. Haka batun yake ga takunkumin kare da sandar kama shi daga nesa, kayan da ya kamata a same su a kowane ɗakin duba dabba kamar yadda ake samun kujera.

Gaggawa ma tana da nata rabo. Idan aka ce ƙaramar tawaga ta yi wa ɗaruruwan shanu allura kafin faɗuwar rana, cikin zafin bazara, bayan tafiyar awanni a kan babur da akwatin ƙanƙara a baya, to za a yi aikin a gajiye, kuma gajiyayyen hannu shi ke kuskure. Ma'aikacin da aka tura shi kaɗai ƙauye mai nisa, idan bijimi ya matse shi da bango, babu mai kai shi asibiti. Tsara yawan aiki daidai da yawan ma'aikata, da hana mutum ɗaya tunkarar babbar dabba shi kaɗai, ba sa buƙatar kwangila. Umarni ne da babban daraktan kula da dabbobi na jiha zai iya bayarwa da takarda ɗaya.

Haɗari na biyu ƙarami ne a ido, shi ya sa aka fi raina shi: tsinin allura. Dabba ta zabura a daidai lokacin da ake tsira mata, allurar ta koma hannun mai yi. Ko kuma a zo mayar da murfin allura da hannu biyu, ko a jefa sirinji cikin aljihun riga. A asibitin mutane abin tsoro shi ne jinin majinyaci. A aikin dabbobi har da abin da ke cikin sirinjin. Wasu alluran rigakafi, musamman na kaji, ana haɗa su da mai, kuma idan suka shiga yatsa sukan jawo kumburin da ke toshe jini har nama ya mutu. Irin wannan yana buƙatar likitan tiyata ya buɗe wurin ya wanke cikin sa'o'i kaɗan, in ba haka ba ana iya rasa yatsan. Allurar rigakafin bakkale ta shanu ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, tana iya sa wa mutum cutar. Zailazin, maganin da ake kwantar da dabba da shi, yana rage numfashi da bugun zuciyar mutum. Tilmikosin, wanda ake yi wa shanu da tumaki saboda ciwon huhu, yana taɓa zuciya, ba shi da makari, kuma an samu waɗanda suka mutu bayan ya shiga jikinsu bisa kuskure.

Dokokin kauce wa wannan gajeru ne. A tsare dabba kafin a zaro allura. Kada a mayar da murfi da hannu biyu. A tanadi kwali ko robar da tsini ba ya hudawa a zuba alluran da aka gama da su. Wanda allura ta soka ya wanke wurin nan take, ya ɗauki kwalbar maganin ko takardarta ya nufi asibiti, domin likitan mutane ba lallai ya san abin da ke cikin maganin dabbobi ba sai ya karanta. Abin takaici, a wurare da yawa al'adar ita ce a matse yatsa, a tsotse jinin, a ci gaba da aiki.

Magungunan wanka da feshi na kashe kaska su ma guba ne da ke ratsa fata da huhu, kuma ana yawan ganin ma'aikaci yana dama su da hannu, babu safa babu abin rufe hanci. Fomalin da ake adana samfuri da shi a ɗakin gwaji yana ƙona ido da maƙogwaro. Mata suna ƙara yawa a wannan sana'a, kuma akwai haɗurran da suka fi shafar mai juna biyu: maganin furostagilandin da ake amfani da shi wajen daidaita haihuwar shanu yana shiga jiki ta fata, yana iya jawo ɓari, haka nan hasken na'urar ɗaukar hoton ƙashi yana cutar da ɗan tayi. Ma'aikaciyar da ta sanar tana da ciki ta cancanci a sauya mata aiki na ɗan lokaci ba tare da an rage mata komai ba, kuma ya kamata wannan ya kasance a rubuce, kada ya dogara ga kirkin shugabanta.

Haɗari na uku shi ne cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na ƙwayoyin da ke sa wa ɗan Adam cuta daga dabbobi suke, kuma ma'aikacin dabbobi shi ne na farko a bakin wannan ƙofa. Bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, tana kama wanda ya sa hannu tsirara ya ciro ɗan maraƙi ko mabiyiya, musamman idan yana da ƙaramin yanka a fata. A jikin mutum takan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, don haka sai a yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot wata da watanni, alhali maganinta na haƙiƙa haɗin magunguna ne da ake sha akalla mako shida. Wani bincike da aka gudanar a 2011 a wuraren yanka na Abuja ya gwada jinin ma'aikata 224, aka samu alamar cutar a jikin 54, kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Mahauta ne suka fi yawa a cikinsu, amma jami'in duba nama a kan wannan daɓe yake tsayawa, cikin wannan jini, kuma shi ne ke yanka huhu da kaluluwa yana neman alamar tarin fuka.

A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona da ke Gajiri a ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja, ƙofar Abuja ke nan. Ƙa'idar wannan cuta sananniya ce: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, domin da zarar iska ta taɓa ƙwayar sai ta rikiɗe ta zama iri mai iya shekaru da yawa a cikin ƙasa. Wanda ake kira ya fara zuwa wurin mushen shi ne malamin dabbobi na yankin, kuma abin da ke jikinsa a wannan sa'a shi ne zai raba shi da cutar ko ya haɗa su. Haka aka gani da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a nahiyar Afirka a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, ta kuma kashe wata mata a Legas a farkon 2007. A irin waɗannan lokuta akan ga fararen kayan kariya sun bayyana, sau da yawa da tallafin ƙasashen waje. Annoba na lafawa sai su ƙare, a koma gidan jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma cuta ba ta aiko da sanarwa kafin ta sauka.

Babu inda sakacin ya fi fitowa fili kamar batun haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kusan mutum 59,000 a duniya duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma akwai allurar rigakafi da ake yi wa mutum tun kafin cizo, wadda hukumar ta ba da shawarar a yi wa masu aiki da dabbobi, kuma bisa jagoranta na 2018 zuwa biyu ta wadatar, ranar farko da rana ta bakwai. Wanda aka yi wa ita, idan kare ya cije shi, zai wanke raunin da ruwa da sabulu na minti 15, a ƙara masa allura kaɗan, ba ya buƙatar ruwan garkuwar nan mai tsada da wuyar samu da ake tsirawa a kewayen rauni. Duk ranar 28 ga Satumba ana tura ma'aikata da ɗalibai su yi wa karnuka allura kyauta albarkacin ranar yaƙi da cutar ta duniya. Tambayar da ya kamata kowace ma'aikata da kowace tsangaya ta amsa kafin wannan rana ita ce, su masu riƙe karnukan, an yi musu tasu?

Dalilin da ya sa wannan hali ya daɗe bai tsaya ga rashin kuɗi ba. Akwai wata al'ada a cikin sana'ar kanta da ke ɗaukar tabo a matsayin shaidar ƙwarewa, tana kallon mai neman safar hannu a matsayin rago. Tsohon ma'aikaci yakan ce ya shekara ashirin yana wannan aiki da hannunsa babu abin da ya same shi, ƙarami ya ji kunyar tambaya. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Akwai kuma tsoron da ma'aikacin wucin gadi ke yi cewa idan ya kai ƙarar rauni, gobe ba za a kira shi ba. Ga mai dabba da ke cewa tasa ba ta faɗa, ko karensa ba ya cizo, ya ƙi yarda a sa takunkumi. Duk waɗannan suna sa rauni ya zama sirrin wanda ya ji shi, ya yi jinyar kansa da albashinsa.

Masu riƙe da kasafi za su ce jihohi da ƙyar suke sayen allurar dabbobin ma, balle ƙari. Wannan hujja ba ta tsayuwa idan aka yi lissafi. Likitan dabbobi yana shafe aƙalla shekara shida a jami'a kafin ya fito, kuma ƙananan hukumomi da yawa a karkara ba su da wadatattun likitoci. Idan ɗaya ya karye ya kwanta wata uku, yanki guda ne ya rasa mai duba nama da mai gano annoba tun tana ƙarama. Kuɗin safar hannu doguwa, takalmin roba, tabarau, akwatin agajin gaggawa da allura biyu ta haukan kare bai kama ƙafar wannan asara ba. Akwai dai ƙorafi ɗaya mai gaskiya: rigar leda mai rufe jiki duka ba ta sawuwa tsawon yini a zafin Sakkwato ko Maiduguri, kuma kayan da ba sa sawuwa a ƙarshe rataye su ake yi. Maganin wannan shi ne a sayi kayan da suka dace da yanayi da irin aikin, a fara aiki da sassafe, a tanadi cikakkiyar shiga domin lokacin da ake zargin annoba, sannan a tambayi masu sa kayan kafin a ba da kwangilar sayensu.

Ta fuskar doka, ba a rasa madogara ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta shafi ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. Ta tanadi diyya kan rauni, naƙasa, mutuwa da cutar da aka ɗauka a dalilin aiki, har da haɗarin da ya auku a hanyar zuwa aiki ko komawa gida. Ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai gidansa, shi kuma kwana 7 ya sanar da hukuma. Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiya da kariya a wurin aiki tun 1994, ta ƙara da ta 187 a 2022, shekarar da ƙungiyar ta sanya wurin aiki marar haɗari cikin haƙƙoƙin ma'aikaci na asali. A wannan shekarar ce kuma aka sa hannu kan sabuwar Dokar Daƙile Cututtukan Dabbobi. Abin da ya rage shi ne waɗannan takardu su isa asibitin dabbobi na ƙauye, malamin da ke can ya san yana da haƙƙi, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Saboda haka matakin farko shi ne ƙirga. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta fitar da fom ɗaya mai sauƙi, wanda za a iya cikewa ko ta waya, na rubuta duk shuri, cizo, sukar allura da rashin lafiyar da ake zargin daga dabba ta zo, a tattara daga jihohi a buga duk shekara. A tabbatar wa ma'aikaci cewa kai rahoto ba zai jawo masa hukunci ko kora ba. Rahoton ƙarshe na kowane gangamin rigakafi ya ƙunshi adadin ma'aikatan da suka ji rauni kusa da adadin dabbobin da aka yi wa allura. Ma'aikatar ta kuma sa sharaɗi cewa duk jihar da za ta karɓi allura ko tallafi daga tarayya ko daga shirin L-PRES sai ta nuna ta yi wa ma'aikatanta rigakafin haukan kare da na cutar sarƙewar haƙora, ta horar da su, ta tanadi makama.

Gwamnonin jihohi, waɗanda su ne iyayen gidan mafi yawan ma'aikatan dabbobi na gwamnati, su biya kason diyya da doka ta ɗora musu, su sa ma'aikatan wucin gadi a ƙarƙashin inuwarsa. Alawus ɗin haɗari yana da kyau, amma ba ya tare ƙaho, kuma bai kamata ya zama kuɗin sallamar alhaki ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kula da kasuwanni da wuraren yanka a kan ƙananan hukumomi, kuma a kowace ranar kasuwa ana karɓar haraji a kan kowace dabba. Adalci ne a ga wani ɓangare na wannan kuɗi ya koma makama, ruwan famfo, sabulu, da daɓen da ba ya santsi.

Majalisar Kula da Aikin Likitancin Dabbobi ta Najeriya ta sa tsarin kariyar ma'aikata cikin abubuwan da take dubawa kafin ta yi wa asibiti mai zaman kansa rajista ko ta amince da tsangaya. Jami'o'in da ke koyar da fannin, irin su na Zariya, Ibadan, Nsukka, Maiduguri da Sakkwato, kada su bar ɗalibi ya shiga asibitin koyarwa sai da katin rigakafinsa. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasa ta ɗauki batun da nauyin da take ɗaukar batun albashi, ta kuma tuna da malaman dabbobi da leburori, waɗanda su suka fi kusa da ƙafar saniya kuma su suka fi ƙarancin murya. Masu manyan gonakin kaji da na shanu su sani yaron da ke riƙe kaji ana musu allura ma'aikaci ne a idon doka.

Tsarin haɗa lafiyar mutum, dabba da muhalli wuri guda, wanda Najeriya ta ƙaddamar a 2019 tare da hukumar NCDC, zai yi ma'ana a aikace ranar da likitan asibitin gwamnati zai riƙa tambayar mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani ko aikin dabbobi yake yi. Shugabannin makiyaya, sarakunan fawa da dillalai su ma suna da rawa: su faɗa wa mutanensu cewa mai dabba shi ya fi sanin halinta, kuma amana ce ya gargaɗi ma'aikaci tun kafin ya matso.

Tun da aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a 1924, babbar nasarar da wannan sana'a ta samu ita ce kawar da bushiya, cutar da ta sha share garkunan shanu a ƙasar nan, wadda aka ayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Mutanen da suka bi ruga ruga da sirinji a hannu su suka ci wannan yaƙi, kuma ba kasafai ake tuna sunayensu ba. Yanzu duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da annobar awaki da tumaki ta PPR, da kuma kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare. Magadan waɗancan ma'aikata ne za a sake turawa. Kafin a tura su, gwamnatin da ta ɗauke su aiki ta tanadar musu makama, ta yi musu rigakafi, ta kuma ɗauki nauyin duk wanda ya ji rauni a bakin aikinta.